Teburin Bakin Ƙofa

Da can Mai Yatsu ake ce masa, don duk layin babu wanda ya kama ƙafarsa a saurin buga takarda. Ka miƙa masa rubutu kamar tonon kaza, kafin ka gama gaisawa da mutanen shago ya fitar maka da shi fes. Tun zamanin tafireta yake wannan shagon buga takardu, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin takalma. Da aikin nan ya yi aure, da shi yake ciyar da 'ya'yansa, kuma bai iya wata sana'a ba.

Ranar da mai shagon ya sayo kwamfuta, da kansa ya zaɓa mata wuri: bakin ƙofar gilashi, fuskarta na kallon titi, wai don mai wucewa ya hango ta ya san an ci gaba. Da safe lafiya lau. Amma da zarar rana ta karkata sai ta faɗo ta gilashin ta kwanta a kan allon, rubutu ya dusashe. Abin da Mai Yatsu ke gani motoci ne suna giftawa, da fuskarsa tana hararar kanta.

"Maigida," ya ce wata rana, "da za a ɗan juya teburin nan ya ba ƙofa gefe, da idona ya huta."

"In juya? To ka ce in kai ta ƙarƙashin gado mana! Don a gani na saye ta."

Bawan Allah bai yi musu ba, sai ya koma dabara. Ya yanka kwali ya yi wa allon rumfa, mai shago ya fizge ya ce an mai da masa shago kejin kaji. Ya ɗora allon a kan ƙunshin takardu don ya zo daidai idonsa, washegari aka ɓarke ƙunshin aka yi aiki da shi. Ya roƙi tsohon zanen matarsa ya rataya a ƙofa. Wannan kam ko la'asar bai kai ba.

Haka ya yi ta kanne ido shekara da shekaru, hanci kamar zai taɓa allon, hawaye na bin kumatu yana sharewa da bayan hannu. Tun kwamfuta tana abin kallo har ta zama kowane shago da tasa, babu mai ko waiwayen ta bakin ƙofa, amma tebur yana nan inda yake. Mutanen layi kuwa, da ba sa rasa abin faɗa, suka sauya masa suna ya koma Ƙyafƙyaf. Yana dariya in an kira shi, amma wallahi sunan yana ci masa rai.

In ya koma gida matarsa ce ke jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta ɗora masa. Autarsu ta leƙo ta ce, "Baba, wa ya dake ka kake kuka?"

"Baban yara, ka sake yi wa mai shagon nan magana mana," in ji matar.

"Na yi har bakina ya gaji. In na matsa ya ce in kama gabana, ke za ki ba su abinci?"

Da ta ja shi wurin likitan ido, likita ya ba shi tabarau, ya ce ya kawar da allon daga hasken rana, ya riƙa ɗaga kai yana hangen nesa. Mai Yatsu ya kawo maganar da ladabi. Mai shago ya ce likita ya zo ya buɗe nasa shagon ya juya tebur yadda ya ga dama.

Ana haka wani yammaci, yana buga wa wani ɗan kasuwa yarjejeniyar haya, idonsa ya tsallake layi guda cur bai sani ba. Mutumin ya dawo yana kumfar baki, ya tara musu jama'a. Mai shago bai kore shi ba, kada a ce ba shi da imani. Ya dai ce tsufa ya zo, ya koma kan injin kwafi, 'yar shi mai shagon da ta gama karatu za ta hau kwamfuta.

Yarinyar ba ta da laifi, har durƙusawa take ta gai da Mai Yatsu. Ranar farko, rana na karkatawa ta kare fuska da hannu.

"Kai, Baba! Wannan hasken ai sai ya makantar da mutum."

Mai shago ya miƙe zumbur. "Subhanallahi, idonki! Ƙyafƙyaf, zo kama min nan."

Ya zo ya kama. Ya tattara ƙarfinsa, don a ransa teburin nan ya daɗe da zama dutse. Ashe ba shi da nauyin komai. Ɗagawa ɗaya, taku biyu, suka ajiye shi jikin bango. Aka aika a sayo labule, mai shago da hannunsa ya tura littattafai ƙarƙashin allon yana tambayar, "Ya yi miki daidai, uwata?"

Mai Yatsu ya tsaya yana kallon sawun ƙafafun tebur a siminti, inda ya ƙarar da idonsa. Ya juya ga allon. Ga shi a inuwa, babu mota, babu rana, yadda ya yi ta roƙo, amma daga inda yake tsaye ko harafi ɗaya bai iya rabewa ba.

Mai shago ya karkaɗe hannu, ya dube shi yana murmushi.

"Ka ga ashe nan ya fi kyau. Kai ma dai, Ƙyafƙyaf, ai da ka yi magana."