Masaƙin da Ya Koyi Tirela

Shekara ashirin da uku ya yi a tsaye gaban injin saƙa, har rurin injin ya cinye masa kunnen hagu. Ranar da aka rufe masaƙar, aka miƙa wa kowa takarda da godiya, ya dawo gida ya zauna. Wata bakwai yana zaune. Baban 'Yan Biyu ake ce masa a unguwa, saboda tagwayen 'ya'yansa mata.

Ƙanin matarsa ne ya zo da maganar. Direban tirela ne da ya gaji da hanya, ya koma koyar da tuƙi a wani fili bayan gari.

"Yaya, zaman nan ba inda zai kai ka. Zo in koya maka babbar mota."

"Da furfurar tawa?"

"Ai ba furfura ke taka birki ba."

Matar ta leƙo daga kicin ta ce, "Ka je mana, ko na huta da mai gadin tukunya." Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ba ta kai ciki ba.

Filin jar ƙasa ce, an jera tsofaffin gangunan mai a matsayin lungu da kwana, ga rumfar kwano da benci ɗaya. Sauran masu koyon duk ya haife su. Da ya iso sai su tashi su ba shi benci, wannan ladabin kuwa ya fi zagi yi masa ciwo.

Hawa motar ma aiki ne: matakala uku, hannu a ƙarfe, numfashi sama-sama. Kulocin kamar ana taka dutse. Kullum da yamma gwiwarsa a kumbure take, matar ta gasa masa da ruwan zafi.

Tafiya gaba ba ta ba shi wuya ba. Wanda ya tsufa da inji, a jikinsa yake jin lokacin da injin ke neman canjin giya. Ribas ce ta kai shi bango. Ya murza sitiyari dama, wutsiyar motar ta nufi hagu. Ya gyara, ta lanƙwashe kamar mai fushi da shi. Ganga ta faɗi, a tayar, ta sake faɗuwa. Ƙanin yana ƙasa gefen taga yana ta ihu har muryarsa ta dushe.

Ana cikin mako na uku, ya take ganga biyu ya lotsa su. Ƙanin ya ɗare matakala, idonsa jawur.

"Yaya! Sau nawa zan ce tsaya? Ko don ni ƙanin matarka ne ba za ka ji maganata ba?"

Baban 'Yan Biyu ya kashe motar.

"Ba ƙin ji ba ne. Ba na ji ne. Kunnen nan da ke wajenka ya mutu tun a masaƙa. Bakinka kawai nake gani yana motsi."

Ƙanin ya yi sororo. "Mako uku, Yaya? Me ya hana ka faɗa?"

"Tsoro nake ka ce in koma gida."

Ƙanin ya sauka. Ya shiga rumfa ya ɗauko wani jan tsumma da ake goge mai, ya je can bayan motar ya tsaya inda madubi zai nuna shi. Ya ɗaga dama, ya ɗaga hagu, ya sauke ƙasa alamar birki. Da haka suka ƙarasa koyon, babu mai ɗaga murya.

Gwajin farko ya faɗi, taya ta hau kan layi. Na biyu ya ci. Da aka ba shi lasin, ya sa a aljihu, ya nemi inuwa ya zauna. Ya zaci zai ji daɗi. Abin da ya ji kawai barci ne.

Wani mai dakon siminti ya ɗauke shi aiki. Tafiyar farko ta koya masa abin da fili bai koya ba: rabin tuƙi jira ne. Yini da rabi ya yi a layin lodi, rana na dukan gilashi, kujera na manne masa a baya. Sai kwana uku a hanya, ido a madubi, kowace ƙaramar mota na shigo masa gaba kamar da gayya.

Ya dawo ranar Laraba da la'asar. Da ya sauko, ƙasa ta riƙa tafiya a ƙarƙashinsa. Tagwayen suka tare shi a ƙofa, kowacce ta kama hannu ɗaya.

"Baba, me ka gano a can?"

Ya yi tunani da gaske, yana son ya ba su labari.

"Kwalta," in ji shi. "Da bayan motar gabana."

Matar ta kawo ruwa. Bai gama sha ba waya ta yi ƙara. Ya juya ta zuwa kunnen dama. Mai motar ne, akwai lodi gobe da safe.

"To, oga. Allah Ya kai mu."

Ya ajiye wayar, ya sunkuya zai kwance igiyar takalmi, bayansa ya ƙi. Matar ta durƙusa ta kwance masa.