Ranar da Shanu Suka Tafi Mini da Jika

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga kai ya kwashe, amma ban ga alamar zai iya ɗauke ranar da shanun nomana suka tafi mini da jika da rana tsaka ba. Ko yanzu in na tuna sai na yi dariya har tari ya sarƙe ni, alhali a ranar abin ba na dariya ba ne.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Boko kuwa na leƙa aji ɗaya, na ga malamin ya fi ƙaunar bulala a kan alli, na ce a kai kasuwa. Ɗan rubutun da na iya, da furfurata na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci. Shi ya sa da ɗana ya tafi neman abinci Kudu ya bar mini ɗansa, saurayi ɗan sakandare, sai na ɗora wa yaron duk burin da ni ban cika ba. Uban ya aiko masa da babbar waya, irin wadda ake shafawa da yatsa, wai don karatu.

Yaro kuwa ya kama karatu ba ji ba gani. Da an sallame isha'i sai ya shige ɗakinsa na zaure ya turo ƙofa. Sau da yawa in na fito alwalar asuba, hasken wayar na nan yana leƙowa ta ƙarƙashin ƙyaure. Sai in je majalisarmu ta gindin dalbejiya in buɗe baki: "Ku naku 'ya'yan sai minshari, nawa kuwa likita ake dafawa a zaure." Wani lokaci ina jin yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, sai in ce lallai bokon yanzu da daɗi yake, namu da kuka aka yi shi.

Tsohuwata, kakar yaron, ita ce ta fara yi mini magana.

"Malam, yaron nan ba ya barci. Dubi idonsa jajir. Jiya da lomar tuwo a hannu ya yi gyangyaɗi."

"Ke me kika sani a harkar boko?"

"Daidai abin da ka sani," in ji ta.

Ban saurare ta ba. Ko daɗewar da yake yi a sujadar asuba, har liman ya ɗago shi bai ɗago ba, tsoron Allah na ɗauke ta. Saurin fushin da ya tsira kuwa na ce nauyin ilimi ne.

A shekarar ne na sayi bijimai biyu wurin wani Alhaji a wani ƙauye ta wajen Bakori, har gida na je na kama su. Lafiyayyu ne, sun iya huɗa, sun iya jan amalanke, ba sa bukatar sanda. Da kaka ta yi muka shiga karyar masara. Ran wata Asabar da hantsi muka cika amalanke da buhuna, na ɗaga ƙafa zan hau, jikan nan ya riƙe mini riga.

"Tsoho, zauna ka huta, kar ƙasusuwanka su watse a hanya kakata ta ce ni na kashe mata miji. Ko da yake in ka tafi ai ni zan gaje ta."

"Ja'iri, fara koyon wanke kwantsar idonka tukuna."

Ya hau, ya kaɗa shanu, na koma cikin kara. Gonar da gida ba nisa, ya kamata ya sauke ya dawo kafin rana ta yi zafi. Na cika wasu buhunan, na zauna a kansu, na tashi, na sake zama. Har aka kira azahar babu amalanke babu labarinta. Na taka zuwa gida ina shirya zagin da zan yi masa, sai tsohuwa ta ce ita ba ta ga ko ƙurarsa ba. Maƙwabcina ya kira wayarsa, aka ce a kashe take.

Wanda ya san yankinmu a shekarun nan ya san abin da ke faɗo wa mutum a rai in saurayi da shanu suka ɓace tare. Ban tuna masara ba, ban tuna bijimai ba. Abu ɗaya ke yi mini yawo a kai: da wane baki zan gaya wa ubansa?

Maƙwabcin ya ɗauke ni a babur muka bi sawun taya. A mararraba, maimakon sawun ya yi dama zuwa gida, sai ya karkata hagu. Can gaba muka tarar da wata mai fura a gindin bishiya, ta ce tabbas amalanke ta wuce. "Amma fa Baba, babu mutum a kai, buhuna ne kawai." Duk addu'ar da na iya na karanto, har da ta shiga kasuwa, don sauran sun ƙare mini.

Muna cikin tafiya sai na hango wata tsamiya a ƙofar wani gida, na ji kamar na taɓa shan inuwarta. Ashe nan na yi cinikin shanun. Ga bijimaina a tsohon turkensu suna cin harawa hankali kwance, ga amalanke an tokare ta da gungume a inuwa, ga Alhaji a kan tabarma yana riƙe da ciki don dariya.

"Malam, sannu da zuwa! Shanun ka dawo mini da su, har da tukuicin masara da saurayi?"

Na leƙa amalanke. Ga likitana kwance a tsakanin buhuna, hula a fuska, baki buɗe, waya a kan ƙirji ta mutu murus. Shanu sun ji babu mai riƙe da igiya, sai suka yi shawara tsakaninsu suka nufi gidan da suka fi sani. Alhaji ya ce shi da mutanen gidansa sun yi ta tashin yaron har sun gaji, abin da kawai ya ce shi ne, "Bari in ƙarasa wannan," ya juya. Alhajin ya aika a gaya mini, muka yi saɓani da ɗan aiken a hanya.

Na so in mare shi, sai na ga hannuna na shafa kansa. Da ƙyar na daure na ja masa kunne.

"Likita, tashi, an iso asibiti."

Ya yi firgigit ya dubi tsamiya, ya dubi Alhaji. "Tsoho, ina ne nan?"

"Nan ne inda karatun dare ke kai mutum. Wane littafi ne wannan da ba ya ƙarewa?"

Ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya. Ƙwallo ce, da bidiyon barkwanci, da hira da abokai wadda babu mai son ya riga kowa cewa sai da safe. "Wallahi kullum sai in ce wannan ne na ƙarshe, kafin in ajiye wani ya fito da kansa. In na ajiye ma idon ba ya rufuwa." Yadda ya faɗa sai ya ba ni tausayi, don na ga shi ma abin ya fi ƙarfinsa.

Da muka isa gida tsohuwa ba ta ce ai na gaya maka ba. Kallona kawai ta yi ta ce, "Kakan likita, a zubo tuwo?" Ta ɗauko wata tsohuwar kwalla ta aurenta ta ce daga yau nan ne makwancin waya, daga isha'i zuwa asuba. Ja'irin ya ce ya yarda, amma sai an haɗa da rediyona, wai ni ma tana kwana tana yi mini surutu a kunne. Haka aka rufe su tare. Kwanakin farko shi yana juyi a zaure, ni ina juyi a ɗaki. Kafin a gama sussukar dawa idonsa ya washe, fushin ya tafi, sujada ta koma daidai da ta liman.

Yanzu ya girma yana karatu a Malumfashi, na gaske wannan karon. In ya zo hutu, da kansa yake jefa wayar a kwalla, yana yi mini tsiya wai rediyona ta yi kewarta. Majalisa kuwa har yau direban shanu suke ce masa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, barcin da yaro ya hana kansa da dare ba ya yafewa, zai zo ya same shi da rana, kuma ba ya tambayar ko igiyar shanu ce a hannunsa. Mu kuma manya, ko ba mu iya karanta abin da ke cikin wayar ba, mun iya duba idon yaro da safe. Ni dai na yi sa'a, shanuna gidan mutumin kirki suka sani.