Sirdin Keken Baba

Keken da nake hawa daga ƙauyenmu zuwa Malbaza gadonsa na yi. Baba dogo ne, ni kuwa ko kafaɗarsa ban kai ba. Sai na miƙe ƙafa iya miƙewa kafin in taɓa feda, nauyina duk ya koma kan tafin hannu. Kafin in hango kamfanin simintin garin hannayena sun mutu murus, kamar aro na yi.

Wata Juma'a liman ya miƙo mini hannu, na kama na riƙe ban sani ba, sai da ya zare abinsa da ƙarfi. Matata ta ce sanyi ne, ta tura ni wajen wanzami. Ƙaho shida ya kafa mini a baya. Na sha tsaga a banza, hannu bai san ana yi ba.

Wani tsoho mai gyaran keke a bakin kasuwa ne ya ga yadda nake saukowa, ya ce, "Malam, wannan sirdin ya fi ƙarfinka. Kawo in sauke shi, in ɗaga maka kan keken."

Na ce a'a, haka Baba ya bar shi.

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Keke ya bar maka, bai bar maka ƙafafunsa ba."

Ya sa sifana ya sauke sirdin. Ranar na isa gida ina jin yatsuna goma cif. Amma zoben tsatsar da ke jikin sandar sirdin, mai nuna tsawon Baba, ya shige cikin ƙarfen keken, ban sake ganinsa ba.