Ba Ma Shiga Ta Ƙofa

Ƙafata ɗaya tana kan katanga, ɗayar tana kan kafaɗar abokina mai gyaran waya, sai na ji an ƙwala mini kira da sunan da ba mai kirana da shi sai dangin mamata.

Na waiga. Kawu ne. Yayan mamata, ciki ɗaya. Yana tsaye a bakin ƙofar filin wasa da kundin tikiti a hannu, ya sa tafin hannu ya kare rana yana ƙare mini kallo.

"Kai! Wancan ba ɗan ƙanwata ba ne? Me kake yi a kan katangar mutane kamar ɓarawon mangwaro?"

Abokina daga ƙasa ya ce, "Mutumina, ka haura mana, kafaɗata za ta ɓalle!"

Bari in ɗan koma baya, saboda wanda bai taɓa bin kulob wasan waje ba zai ɗauka satar kallo muka zo yi. Mu magoya bayan kulob ɗin unguwarmu ne a Funtua. Ranar mun cika bas guda mun zo Malumfashi, da ganga da usur. Tikiti mun saya, Ciyaman ya karɓo mana gaba ɗaya. Ciyaman shi ne shugabanmu, mai shagon taya, kuma a bencin ƙofar shagonsa majalisarmu take. Dokarsa ɗaya ce: a filin wasu ba ma shiga ta ƙofa. Wai masu gida suna binne abu a bakin ƙofar, ko su yayyafa wani ruwa, baƙon da ya taka ya kwashi mutuwar jiki ya kai wa 'yan wasansa. Don haka sai mu nemi inda katanga ta ɗan rage tsawo mu haura. Tun daga Bakori yake ta nanatawa a mota: "Duk wanda ya bi ƙofa aka ci mu, ya nemi motar komawa, ya kuma nemi wata majalisar."

Ni kuwa majalisar nan ba wurin hira ba ce kawai a wajena. Shekarata shida a kan bencin nan. Da babana ya kwanta asibiti su suka riƙa karɓa-karɓar jinya, da ya rasu su suka ɗauki makara. In aka ce na fita daga cikinsu, wallahi ban san inda zan nufa ba in na tashi daga aiki.

To ga ni a kan katanga, ga Kawu. Ni na san shi manomin masara ne a wajen Gozaki, na san yana jin ƙwallo a rediyo, amma ban taɓa sanin yana cikin dattawan kulob ɗin masu gida ba, har shi ke tsaron ƙofa.

"Ba za ka sauko ba sai na zo?"

Na sauko. Ya za ka yi? Na ƙarasa na durƙusa.

"Kawu, ina wuni."

"Da ban wuni ba ka gan ni? Ka shigo gari ko waya babu. Ya mamarka? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi, Kawu. Dama zan zo gaishe ku bayan an tashi."

"Ta kan katanga za ka zo? Tashi mu je."

Ya damƙe wuyan hannuna. Hannun manomi ne, ba a fizgewa. Na ce, "Kawu, abokaina suna jirana a can." Ya ce, "Su jira." Muka iso bakin ƙofa, na kalli ƙasa. Wurin a jiƙe yake sharkaf, kuma kwana biyu ba a yi ruwa ba. Na buɗe ƙafa zan yi dogon taku in tsallake, Kawu ya ja ni, takalmina ya sauka tsakiyar laimar. Na ɗaga kai sai ga Ciyaman a zaune kan katanga kamar mai hawan jaki. Yatsa kawai ya ɗora a ƙasan idonsa, sannan ya nuna ni.

Kawu bai kai ni ɓangaren baƙi ba. Ƙarƙashin rumfar kwano ya kai ni, inda manyan masu gida suke zama a kujerun roba. Ya ce wa wani Alhaji mai farar babbar riga, "Ɗan ƙanwata ne, ya zo kallo." Alhajin ya matsa mini. Jesin kulob ɗinmu ruwan ɗorawa tana jikina, na rufe ta da doguwar riga, don ba ma nuna kalarmu sai mun shiga. Yanzu kuwa na shiga, amma ba damar cirewa. Riga biyu, rana tana dukan kwano, ga mutanena can tsallaken fili a cikin rana suna kiɗa, ni ina nan cikin inuwa kamar wanda aka ba ajiya.

Na ce a raina, ai magana ɗaya ce. In ba a ci mu ba, ba wanda zai tuna da ƙofa. Ko canjaras ne ya ishe ni.

Minti goma ba a yi ba suka jefa mana ɗaya. Bugun kwana, ɗan bayanmu ya tsaya yana kallon ƙwallo kamar baƙuwarsa. Rumfa ta ɗauki ihu, Alhaji ya rungume ni yana jijjiga ni. Na yi yaƙe. Wayata ta fara ɓari a aljihu, ta ƙi tsayawa. Na leƙa guruf ɗinmu na hira a waya. Wani ya riga ya ɗauki hotona daga nesa, ina zaune tsakanin manyan riguna, ya rubuta a ƙasa: "Ga sirikin Malumfashi." Wani ya ce, "Ya taka ruwan da ƙafar dama, ni na gani." Abokina mai gyaran waya ya turo mini ni kaɗai: "Ka yi addu'a kawai."

Na mayar da wayar. Na ciro ta. Na sake mayarwa. Duk lokacin da ɗan gabanmu ya karɓi ƙwallo sai in ɗan ɗaga daga kujera, sai in tuna inda nake, in wayance kamar ina gyara riga. Alhaji ya dube ni ya ce, "Samari, in fitsari ne ga bayan rumfa can."

"A'a, Alhaji, sauro ne."

"Da la'asar?"

Aka tafi hutun rabin lokaci. Kawu ya bar ƙofa ya dawo da gasasshiyar masara biyu, ya miƙa mini ɗaya. Ban iya ci ba. Na matso kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Kawu, don girman Allah, me kuka zuba a ƙofar nan?"

Ya dube ni, ya dubi takalmina, sai ya fashe da dariya har masara ta sarƙe shi. Da ya gama tari ya ce, "Mai zoɓo ce take wanke kofunanta a wurin. Kullum sai na yi mata magana."

"Ba abin da kuka binne?"

"Bututun ruwa, shi ma ya toshe." Ya sake darawa. "Ai mu daɗin kallonku muke ji. Ƙatti da gemu, wando yana yagewa."

Na ji wani sanyi, na kuma ji haushi. Sai ya janye ƙafar wandonsa ya nuna mini wani dogon tabo a ƙaurinsa.

"Ka ga wannan? Katangar filinku ce. Fasassun kwalabe kuka jera a kai, marasa tausayi."

"Kawu, ku ma haurawa kuke?"

"To ta ina za mu bi?"

"Ba yanzu kuka ce ba komai ba?"

"Namu na san ba komai," in ji shi, yana gatsar masara. "Naku ban sani ba."

Aka dawo. Yaranmu suka farfaɗo, suka riƙa kai hari. Na manta da riga, na manta da Alhaji. Ana saura kamar kwata a tashi, ɗan gefenmu ya yanke mutum biyu ya bugo ta sama, ɗan gabanmu ya sa kai. Raga ta motsa.

"Ta shiga! Wallahi ta shiga!"

Ni ne. A tsaye, hannu biyu a sama, kujera ta kife a bayana. Maɓallin wuyana ya tsinke, ruwan ɗorawa ya fito fili. Duk rumfar ba wanda ya yi motsi sai ni. Can tsallake gangarmu tana tashi, nan kuwa har ƙarar kwanon da rana take gasawa ina ji. Wasu samari a bayan rumfa suka fara matsowa. Ɗaya ya ce, "Au, ɗan leƙen asiri aka ajiye mana a inuwa?"

Kawu bai ko tashi ba. Ya ce, "Ku bar shi. Nononmu ya sha, ruwan Funtua ne ya lalata shi." Ya juyo gare ni. "Ɗauki kujerar mutane, ka zauna, ka rufe ƙirji."

Dattawa suka yi dariya, samarin suka koma suna ƙunƙuni. Alhaji ya ce, "Ashe wannan ne sauron." Ya ja kujerarsa ya ɗan yi nesa da ni.

Ban damu ba. Ɗaya da ɗaya. Na kafa wa agogon wayata ido, minti ɗaya sai ka ce ana jan shi da igiya. Zagi ya tsaya a guruf, har wani ya turo hoton wuta don murna. Na fara tsara yadda zan ba su labarin mai zoɓo a mota, yadda Ciyaman zai yi dariya ya daki ƙeyata.

Lokaci ya cika, alƙalin wasa bai hura ba. Ɗan wasansu ya shigo da ƙwallo cikin da'irar golanmu, namu ya bi shi, suka faɗi tare. Ni dai ban ga an taɓa shi ba, amma ni ba shaida ba ne, idona ya riga ya zaɓi ɓangare. Usur. Fenariti. Golanmu ya faɗi dama, ƙwallo ta tafi hagu. Biyu da ɗaya. Ko tsakiyar fili ba a mayar da ita ba aka tashi.

Ina neman sulalewa Kawu ya riƙo ni. Ya kai ni wajen babur ɗinsa, ya kwance wani buhu, ɗanyar masara ce sabuwar karya. "Ka kai wa mamarka. Ka ce ta gonar bakin rafi ce, ta san ta."

Na saɓa buhu na nufi bas. Kowa ya riga ya shiga, ganga tana kan cinyar mai ita. Ciyaman yana tsaye a bakin mota.

Na ce, "Ciyaman, ka saurare ni. Ruwan wanke kofi ne. Mai zoɓo ce. Wallahi su ma tsoron tamu ƙofar suke, har tabo na gani."

"Wa ya gaya maka?"

"Kawuna."

"Mai tsaron ƙofar?" Ya juya ya kalli 'yan mota. "To da me kake so ya ce maka?"

Wani daga baya ya ce, "Har masara aka biya shi!"

"Ta mamata ce."

Ciyaman ya sa hannu ya sauke buhun daga kafaɗata, ya miƙa ciki a hankali. "Masarar Hajiya ba ta bi ta ƙofa ba, za ta shiga. Kai kuwa ka san hanyar tasha."

Abokina mai gyaran waya ya sunkuyar da kai yana latsa wayar da na san ba caji. Aka ja murfi. Bas ta tashi ta bar ni da rigar da ba maɓalli.

Motar haya na shiga. Kafin mu kai Bakori an cire ni daga guruf. Na isa gida ana kiran magariba, na tarar har an ɗora masara a wuta. Mama ta ce, "Abokan nan naka 'yan albarka ne, har cikin gida suka shigo mini da ita. Kai ina ka tsaya?"

Yau kwana goma sha ɗaya. In na taso daga aiki sai in zaga ta bayan kasuwa don kada in wuce shagon taya. In zauna a ɗaki, in fito, in koma. Jiya abokina ya zo da saƙon Ciyaman. Ranar Asabar 'yan Malumfashi ne za su zo mana Funtua. In ina son wurina a benci, in shigo da Kawu ta ƙofarmu, a gaban mutanensa. A rama, a yi canjaras. Har dabara ya ba ni: in ce Mama ce ta hana shi hawa katanga saboda gwiwarsa. Kuma in na gaya mata za ta hana ɗin, shi kuma ba ya ƙetare maganarta.

Da safen nan Kawu ya kira ni, yana ta raha. Ya ce, "Ka tanadar mini kafaɗa ranar Asabar, gwiwar nan ba kamar da ba. Ka nemo mini inda ba kwalba."

Na ce to.

Ni ban yarda akwai komai a ƙofarmu ba, na sha ganin mai rake yana zubar da ɓawo a wurin. Ƙofar ma ta fi masa lafiya, mutum ya haura sittin. Amma in ya bi ta aka ci su, na san abin da nasa za su yi masa, don an yi mini. Kundin tikitin nan da kujerar rumfa su ne majalisarsa.

Saura kwana uku. Ku in ku ne, kafaɗa za ku ba shi, ko hannunsa za ku riƙe ku nufi ƙofa?