Jirgin Baba a Ƙirjin Mutane

Da Baba ya yi ritaya daga reluwe, sai ya sayo fenti gwangwani uku ya zana kan jirgin ƙasa a bangon zaurenmu. Shi dai ya ce jirgi ne. Mu 'ya'yansa buta muke gani, buta mai tayoyi, tana hayaƙi ta baki. Taya bakwai ya yi mata, babu biyu masu girma ɗaya. Mun yi shekaru muna dariyar zanen nan a bayan idonsa, amma ba wanda ya taɓa yi a gabansa, domin duk baƙon da ya shigo sai Baba ya tsayar da shi ya nuna masa inda direba ke zama.

Bayan na yi aure na tare a unguwar Ƙetaren Gwari, zaman gida ya ishe ni. Ƙawayena kowa na sayar da turaren wuta ko atamfa ta waya, ni kuwa na ce sai na fita daban: rigunan tishat zan riƙa buga wa hoto ina sayarwa. Wata Juma'a na je gaida su Mama, na jira Baba ya tafi masallaci, na ɗauki hoton jirgin. A ƙarƙashinsa na rubuta, "Jirgi ne, in ji mai shi." Na yi dariya ni kaɗai har na ƙware. Ban tambayi Baba ba. Wa ke neman izinin bangon gidansu?

Mai buga riguna na farko da aka haɗa ni da shi dattijo ne mai tsabta, wanda kowa ya shaida aikinsa ba ya koɗewa. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Madam, wa ya zana wannan? Ka kawo takarda cewa ya yarda." Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin haƙƙin mallaka, wai zane na wanda ya zana ne ko da a bango yake, shi ya sa ba ya buga tambarin ƙungiyar ƙwallo ko fuskar mawaƙi haka kawai, don mai abu na iya kai mutum kotu. Raina ya ɓaci. Na ce masa riga na zo bugawa, ba fasfo na zo nema ba, na suri jakata na fita.

Na biyu a unguwar Sauka Kahuta yake, wani ɗan gaye mai fara'a. Tun daga ƙofa ya fara ce mini Hajiya, ni da ko filin jirgin sama ban taɓa shiga ba. Shagonsa cike da tamburan ƙwallo na duniya da fuskokin mutanen da ba su san an haife shi ba. Bai tambaye ni komai ba, aikinsa kuma ya fi araha. Da ya ga hoton ya yi dariya har da hawaye, ni kuma nan take na yanke cewa wannan shi ne mai hankali. Na tura masa hoton a waya.

Rigunan sun karɓu. Gaskiya wankin farko hayaƙin jirgin ke ɓarewa, amma masu saye ba su damu ba, ni ma na fara tafiya ina ɗaga kai. Bayan mako uku sai na ga wani ɗan acaba sanye da jirgin Baba a kan riga ruwan ɗorawa. Ni fari da baƙi kawai na buga. Kwana biyu bayan haka maigidana ya dawo daga Wushishi ya ce ya gan su rataye a kasuwa, har da na jarirai.

Ban ko gyara ɗaurin ɗankwali ba na isa Sauka Kahuta. Na tsaya a tsakiyar shagon na zazzage masa duk karatun da dattijon nan ya yi mini, kalma da kalma, kamar ni na ƙirƙiro shi. Har kotu na ambata sau uku. Ɗan gayen ya bari na gama, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko ni na zana. Na ce mahaifina ne. Ya ce to mai zane ya zo da kansa, shi zai saurare shi.

Fushi ba ya bari in yi tunani, haka nake tun ina ƙarama. Na tari keke-napep har gida na ce wa Baba wani ya sace masa jirgi. Ya ɗauki hularsa da sandarsa ya biyo ni. Sai da muka yi rabin hanya na tuna cewa Baba bai san da wata riga ba a duniya, balle rubutun da ke jikinta. Na so mai keken ya yi faci. Bai yi ba.

Da muka shiga, Baba ya ɗaga kai ya ga jirginsa jere a igiya, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba. Ya matsa ya ƙirga tayoyin da bakin sanda, ya same su bakwai cif, ya gyaɗa kai. Sannan ya ciro tabarau ya karanta rubutun a hankali, leɓensa na motsi. Ya tambayi wa ya rubuta. Ɗan gayen ya turo baki wajena.

Baba ya juyo ya ce, "Ashe dariya ake yi."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na sunkuyar da kai.

Ɗan gayen nan kuwa, Allah ya yi shi da wayo. Ya cire hular hana-sallarsa ya durƙusa har ƙasa, ya ce Baba ya yafe masa, ya yi kuskure da ya buga ba izini, yanzu yana roƙo a ba shi. Ya ce shi bai taɓa ganin jirgi mai kwarjini irin wannan ba. Mutumin da ya yi dariya har da hawaye! Na so in tona shi, amma da wane baki?

Baba ya gyara tsayuwa ya ba shi izini a gabana, da sharaɗi: a cire rubutun, a daina barin hayaƙi yana ɓarewa, a rubuta yarjejeniya su sa hannu, kuma a ba shi riga ɗaya babba. Aka kawo takarda da biro. Ni aka sa na yi shaida.

A keken komawa na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, ni fa? Ka ba ni izinin ni ma."

Ya ninke rigarsa a kan cinya ya shafa ta. Ya ce shi ba ya yanke magana da gaggawa, zai yi shawara. Bana shekara biyu ke nan yana shawara, ragowar rigunana na cikin buhu a ƙarƙashin gado, kuma duk Juma'a sai na durƙusa na sake tambaya.