Salifu Ya Leƙa Zaren Haske

Kawu Salifu mutumin wajen Tasawa ne, haƙar rijiya ya gada. Fari ya koro shi Tamanrasset, muka haɗu a shantiye, wato filin aiki, muna haƙa ramin zaren gilas da ake kira fibir, a bakin hanyar In Ekker. Ni na kori lekkol, makarantar boko ke nan, kafin ta kore ni, shi ko ƙofarta bai sani ba. Sai dai ido! Allura ta faɗa cikin rairayi, Kawu zai tsinto ta.

Madam Khalida ce ta lura, injiniyar da ke binciken yadda haske zai ɗauki magana ya kai nesa ba a mai da shi lantarki ba. Ta ce ya ajiye diga, za ta koya masa haɗa zaren nan siriri kamar gashi. Har sabuwar riga ya sayo.

Na ce, "Kawu, ka shige inuwa ka bar mu da rana."

"Rufe mini baki, ɗan banza. Kai ko rami miƙaƙƙe ba ka iya haƙawa."

Madam ta gargaɗe shi da Larabci da hannu, kada ya leƙa bakin zaren in an kunna. Ya ce to. Amma a gidansu ba a barin rijiya sai an ga ruwa da ido. Ran da aka saki hasken, ina can ina sauke kaya daga kamiyo, babbar motar shantiye, ya ɗauki madubin ƙara girma ya kafa idon dama. Bai ga komai ba, ya koma na hagu. Ashe hasken nan ba a ganinsa, amma yana ƙuna.

Likita ya ce tabon da ya zauna tsakiyar ganinsa ba ya tashi. Madam ta ba shi zare ya haɗa, hannunsa ya wuce gefe. Ta sake ba shi. Ya sake wucewa gefe. Washegari ya koma diga.

Ran Juma'a yakan kira ɗiyarsa Zainaba a talhona, hoto na zuwa tas. Sai ya karkata kai, don ta gefe kawai yake ganin fuskarta.

"Baba, wa kake kallo can?"

"Rana ce ta yi yawa, uwata."

Zolaya ta zo mini har baki. Na haɗiye ta, na gyara masa riƙon talhon.