Awakina da Zargin da Na Ɗora wa Ilyasu

Da azumin bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanena Ilyasu makwancinsa a nan Madina. Ni mutum ne mai zargi, na sani, kuma babu wanda ya sha wannan hali nawa kamar shi.

Tun da ya shiga kwalejin shekara biyu don koyon jinyar dabbobi na fara yi masa kallon hadarin kaji. Mu da kakanmu ya tako da ƙafa daga Katsina yana kiwo a hanya, wane littafi ne zai koya mana akuya? Sai ga shi yana zuwa garkena a bayan Uhudu da safar hannu da 'yan kwalabe, yana ɗaga wutsiya yana rubutu. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

A shekararsa ta biyu awakina uku suka yi ɓari a jere, 'yata Maryam kuma ta kwanta da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ilyasu ya ce, "Yaya, cutar a nonon take. A daina ba ta ɗanye, a gwada jinin awakin." Na ce masa da ɗanyen nonon aka raine shi har ya yi gemu. Mako guda bayan haka ma'aikatan dabbobi suka zo da mota, suka kwashe garken kaf.

Wa ya san garken, ya kuma san ofishinsu? Ban tambayi Ilyasu ba, hukunci kawai na yanke cewa shi ya kai ƙara. Shekara shida muna gaisawa sama-sama a masallacin Anbariyya. Bai taɓa kare kansa ba, ni kuwa na ɗauki shirunsa shaida, har hatsarin mota ya ɗauke shi a hanyar filin jirgi.

Da zai leƙo yau, da ya tarar da benaye a inda garken yake, jikokina na shan madarar kwali suna amsa mini da Larabci. Ina jin murmushi kawai zai yi, don ba mai gori ba ne.

Bara matata Rabi tana tafasa nono, ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, ni ce na je ofishin ma'aikatan dabbobin nan na kai ƙarar awakin, saboda Maryam. Ilyasu ya gan ni a ƙofa, ya ce, 'Khalas, shi ke nan, Yaya Rabi, bar shi ya zaci ni ne. Ni ba zai iya sakina ba.'"

Hali zanen dutse: ita ma sai da na kwana uku ina zarginta da neman wanke mamaci. Amma na san muryar Ilyasu, maganar tasa ce.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Maryam na raye da 'ya'yanta biyu, Rabi na ɗakinta, abin da ya bari ke nan. Kunya nake ji, kuma wanda zan nemi gafararsa yana ƙarƙashin ƙasa. Allah ya jiƙan Ilyasu, ya kai masa labarin cewa yayansa ya sani.